Ranar da Monita Ya Rubuta Sunan Malam Talotalo

An yi wani Talotalo mai girman kai da ya shiga makarantar horon malamai. Ya ci duk jarrabawar takarda, saura abu ɗaya ya karɓi shaidarsa: ya riƙe aji a gaban Gauraka, mai duba malamai, ran da yara suka dawo daga hutu. In ya riƙe, ya zama malami. In ya kasa, ya maimaita shekara.

Aka tura shi firamaren Gindin Kanya, aka haɗa shi da Malama Bushiya, wata tsohuwar malama mai haƙuri, don ta nuna masa hanya.

Saura kwana uku a buɗe makaranta, Talotalo ya shiga gona ya gangaro kabewa goma sha biyu, ya jera su a kan benci. Ya yanko tsumagiya, ya kumbura, ya baje jela kamar mafici.

"Ku tashi tsaye!" in ji shi.

Ko ɗaya ba ta motsa ba.

"To, na fasa. Ku zauna! Ku yi shiru!"

Aji ya yi tsit. Talotalo ya juya wajen Bushiya da ke bakin ƙofa. "Malama, kin ga riƙon aji? Shekararki nawa kina koyarwa, kin taɓa samun shiru irin wannan?"

"Ɗana, ai kabewa ce," in ji ta. "Bari in zauna maka a baya, ka gwada da mai rai."

Ta lallaɓa bencin ƙarshe. Talotalo ya buɗe baki zai fara darasi, sai ta yi fito siriri.

"Gulgulgulgul!"

Ku sani, yara, talotalo yana da wani hali tun kaka da kakanni. In ya ji fito, sai ya amsa, ko yana so ko ba ya so.

"Tari ne ya sarƙe ni," in ji shi, wuyansa ya yi jawur.

Ta sake yi.

"Gulgulgulgul! Haba tsohuwa! Wasa kika zo yi ko aiki?"

"Aikin ke nan," in ji Bushiya. "Ka riga yaran faɗa. Ran farko ka ce, yara, in an yi fito ba na iya kama bakina. Ku yi dariyarku tare sau ɗaya a wuce wurin. Abin da babba ya binne shi yaro ke tonowa."

"Ni? In tsaya gaban 'ya'yan da ko majina ba su iya sharewa ba, in tona wa kaina asiri? Ai raini ya shigo ke nan. Koma ajinki, kabewata ta fi ki ladabi."

"To, Allah ya ba da sa'a," in ji ta, ta yi tafiyarta.

Ran Litinin aji ya cika da yara, Gauraka ya zauna a gefe da biro da takarda. Talotalo ya shigo yana jan fikafikai a ƙasa, ya buga tsumagiya a tebur.

"Dokata ɗaya ce. Duk wanda ya yi surutu sau uku, waje zai fita ya durƙusa a rana, ko ɗan wane ne! Kai, ɗan Rago, zo nan gaba. Kai ne monita. Wanda ka gani, rubuta shi."

Shi kuwa ɗan Rago bai san wasa ba, bai san alfarma ba. Abin da aka ce masa, shi ke nan.

Talotalo ya juya zai yi rubutu a allo, ya baje jelar nan don Gauraka ya gani. A bencin baya akwai ɗan Kurege, sarkin tsokana. Bai taɓa ganin jela irin wannan ba, mamaki ya kama shi, ya yi fito.

"Gulgulgulgul!"

Ɗan Kurege ya dubi na kusa da shi, idonsa yana ƙyalli kamar wanda ya tsinci rumbun gyaɗa ba mai gadi. Ya sulale ƙarƙashin benci.

"Wa ya yi wannan? Monita, ka rubuta?"

"Na rubuta, Malam."

"Madalla. Yau za mu fara da..."

Fito ya sake tashi.

"Gulgulgulgul!"

Dariya ta ɓarke. 'Yar Zabuwa ta faɗo daga benci, ɗan Kwaɗo ya yi ta shaƙuwa. Talotalo ya daka tsawa, "Na ce shiru! Duk wanda ya ƙara..."

Sai duk mai iya fito a ajin ya saki nasa. Talotalo ya dinga gulgul, yana neman ya tsaya ya kasa, har gashinsa biyu suka tuge.

Da abin ya lafa, ya ce yana haki, "Monita, karanto mini sunayen!"

Ɗan Rago ya miƙe. "Malam Talotalo. Malam Talotalo. Malam Talotalo."

"Kai, ɗan banza! Masu fiton fa?"

"Malam, a gaba ka ajiye ni, kai kaɗai nake gani. Kuma ka ce ko ɗan wane ne. Naka ya cika uku, har da rara."

Talotalo ya dubi Gauraka yana neman ceto. Gauraka ya ajiye biro ya ce, "Malam, dokarka ce. In ka karya ta tun ran farko, ba ka da aji. In ka bi ta, aji ba shi da kai. Zaɓi ɗaya."

Haka Malam Talotalo ya fita ya durƙusa a rana, fikafikai sama.

Bushiya ta ji hayaniya ta shigo. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Kurege, taso daga ƙarƙashin bencin nan. Yaya ƙafar kakarka? Zabuwa, karkaɗe rigarki ki zauna." Ta bi su ɗaya bayan ɗaya da sunansu, kafin ta kai na ƙarshe aji ya nutsu.

Talotalo ya maimaita shekara. Da ranar ta zagayo, ya shiga aji babu tsumagiya, ya faɗa wa yara halinsa da bakinsa. Suka yi dariya, shi ma ya yi, aka shiga karatu, ya kuwa ci. Tun daga nan makarantar ba ta ƙara sayen ƙararrawa ba. In lokacin hutun ƙarfe tara ya yi, sai Kurege ya leƙo ta taga ya yi fito, Malam ya amsa, kowa ya fita.

Darasin wannan labari shi ne, wanda ya koyi mulki a kan kabewa zai sha kunya a gaban masu rai, kuma kada ka kafa dokar da kai za ta fara kamawa. Matata marigayiya, Allah ya ji ƙanta, ta shekara ashirin da alli a hannu, kuma takan ce yaro yana yafe wa malami rauninsa, amma ba ya yafe masa cika baki.