Waken Iya Tabawa da Ranar Kwali

To, ku matso kusa, ku bar tsokanar juna. Ga ta nan tafe, ga ta nanku.

Ta ƙaraso mu ji ta, Kaka.

Wata tsohuwa ce, Iya Tabawa, tana da wani jan wake da ta gada wurin uwarta. Duk garin babu mai irinsa. Wata shekara ƙwari suka shiga tulun iri, suka cinye shi tas, ƙwaya ɗaya tak ta tsira. Sai Iya ta shuka ta a tsohuwar tukunya. Sai ta tsiro, ganye biyu kore shar. Amma gidan Iya babu ƙyaure, awakin maƙwabta kuwa ba su da kunya ko kaɗan.

Sai ta ɗauki tukunyar ta nufi makaranta wurin Malam Nomau, don ajinsa yana da ƙofa mai makulli da tagogi uku.

"Malam, ajiye min wannan. In ya mutu, irin uwata ya ƙare."

"Iya, kin zo inda ya dace. Ni ne fa nake koya wa yara yadda tsiro ke dafa abincinsa!"

Ya san abin, ba ƙarya, kuma gwanin zane ne. Aibinsa ɗaya, in bakinsa ya buɗe sai kunnensa ya rufe.

Sai ya ajiye tukunyar a ƙuryar aji. Sai ya samo babban kwali, ya zana waken Iya da saiwarsa tana zuƙo ruwa tana aika wa ganye. Ya zo kafawa, ashe bangon na laka ne. Ya buga ƙusa, ƙasa ta zubo. Ya sake bugawa, ƙusa ta faɗo. Katako babu ko'ina sai a jikin taga. Sai ya kafa kwalin a taga ta fari, ya rufe ta ruf.

Sai wake ya yi 'yar waƙa daga ƙurya:

"Malam Nomau, ga ruwa na sha,
Bar min taga in dafa."

Wa zai ji? Malam yana can yana bayani.

Bayan kwana bakwai Iya ta zo dubiya. Ta ga ganye ya ɗan koɗe.

"Malam, wannan wake kamar ba shi da lafiya."

"Ƙishi ne, Iya. Dubi kwali, ai ga saiwa tana neman ruwa."

Ya kwarara masa rabin tulu. Iya ta yi tsaki a ranta, amma ta ce ai malami ya fi ta sani. Ta koma gida.

Sai Malam ya zana kwali na biyu. Ya nuna 'yan ƙofofi ƙanana a bayan ganye, waɗanda ido ba ya gani. Ya ce, "Yara, iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi, ita ganye ke sha ta nan. Shi kuma ya ba mu mai kyau mu shaƙa." Yara suka ce, "Na'am, Malam!" Sai ya kafa kwalin a taga ta biyu, ruf.

Wake ya ce:

"Malam Nomau, ga iska na sha,
Bar min taga in dafa."

Haba! Ko waiwayawa mutumin nan bai yi ba.

Iya ta dawo. Ta tarar wake ya zama rawaya, ya yi dogon wuya siriri, ya karkata wajen tagar da ta rage.

"Malam, wannan ramar fa?"

"Rama? Tsawo yake yi, Iya! Bari in ƙara masa taki."

"Ɗan nan, shekara sittin ina shuka wake, ban taɓa ganin mai lafiya da wannan kala ba. Ba ni abina."

"Ki kai wa awaki? Saura darasi ɗaya, babban cikinsu. Ki yi haƙuri."

Ta tuna awaki, ta bar masa tukunyar. Ta fita tana mita har gida.

Kwali na uku kuwa, kwana huɗu Malam ya yi yana zana shi. Ya yi rana ƙatuwa, ja da rawaya, da kibiya daga gare ta zuwa ganye. Sai ya kafa shi a taga ta ƙarshe. Aji ya yi duhu, sai ɗan hasken ƙofa da ba ya kaiwa ƙurya. Yara suka ce ba sa gani. Ya ce su matso gaba.

A wannan karon wake bai yi waƙa ba, ba shi da ƙarfin yi.

Iya ta shigo ranar bakwai, Malam yana tsakiyar bayani: "Ganye shi ne madafa. Ruwa da iska su ne cefane. Koren nan na ganye shi ke kama hasken rana, hasken kuwa shi ne wutar murhu. Da shi ake dafa sukarin da tsiro ke ci ya yi girma, ya yi 'ya'ya."

Iya ba ta iya karatu ba, amma tana da ido. Ta ɗora yatsa a kan kibiya.

"Wannan daga ina ta taso?"

"Daga rana, Iya."

"In babu ranar fa?"

"Babu girki. Tsiro ya mutu da yunwa ko da yana cikin ruwa tsundum."

"To, ina ranar?"

Malam ya nuna kwali. Sai hannunsa ya tsaya a sama. Ya dubi taga ta fari, ya dubi ta biyu, ya dubi ta uku. Bakin nan da ba ya rufuwa ya rufu.

Da hannunsa ya fizge kwalayen. Haske ya shigo har ƙurya. Ga wake kwance a bakin tukunya, fari fat, gindinsa ya ruɓe da ruwa. Aka fita da shi rana, aka kafa masa tsinke, aka jira kwana uku. Bai tashi ba.

Malam ya je har gida ya durƙusa. "Iya, ki yafe ni."

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Can ta ce, "Na yafe. Amma ba ni kwalin farko, wanda ka zana shi yana da ganye biyu."

Ya kawo mata. Ta daɗe tana kallonsa, sai hawaye.

"Ka iya zane, Malam," in ji ta. "Kamar in zuba masa ruwa."

Tun daga ranar ba a sake cin jan wake a garin nan ba.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, ta ƙare. In kun san abu da baki, ku riƙa ɗaga ido ku ga ko hannunku yana bin abin da bakin ya faɗa. Ku tashi, kowa ya kakkaɓe tabarmarsa.