Notin da Ya Faɗa Ramin Fulogi

Akwai wani tela da 'yan gidansu ke kira Ai-Na-Iya, don ba a taɓa ambaton wani aiki a gabansa bai ce haka ba. Shi yake gyara keken ɗinkinsa. Ya taɓa taɓa fankar mahaifiyarsu ta yi kwana uku tana juyawa, tun daga nan kansa ya kumbura.

Yayansa direban tasi ne, gida ɗaya suke. Da motar nan ake ciyar da gidan, da ita ake sayo wa tsohuwa magani. Sai motar ta fara karkarwa in an tsaya, ga shan mai kamar me. Yayan ya sayo sababbin fulogi huɗu, ya ce zai je asibiti a duba masa ido, in ya dawo ya kai wa Baba Bakanike na bakin layi ya sa masa. Ya rataye makulli a ƙusa ya fita.

Ko kwana bai sha ba, tela ya isa garejin Baba aron sufanar fulogi.

Baba ya miƙa masa, ya ce, "Ɗana, ɗaya-ɗaya ake cire su. Kuma duk ramin da ka buɗe, ka toshe shi da tsumma."

Tela ya yi dariya. "Haba Baba, inji ai inji ne. Ku dai kuna son ku mai da ƙaramin abu babba."

Ya dawo ya ɗaga bonet. Ya kwance murfin saman injin, ya jera ƙananan notinsa a gefe, a kan injin. Sai ya zare fulogi huɗun gaba ɗaya, ya bar ramuka huɗu a hangame. Yana miƙa hannu zai ɗauko sabo, gwiwar hannunsa ta ture noti ɗaya. Yana kallo ya gangara, ya yi ƙwal, ya shige rami na uku.

Jama'a, nan take ya leƙa ramin.

Ya haska da fitilar waya, bai ga komai ba sai baƙi. Ya lanƙwasa wata 'yar wayar ƙarfe ya zura, ya ji notin ya motsa ya ƙara gusawa gefe. Gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Shi da ya san abin da guntun allura ke yi wa keken ɗinki, ai ya san abin da noti zai yi wa inji in aka tayar.

Matarsa ta leƙo daga ɗaki. "Maigida, lafiya? Na ji ka yi tsit."

"Lafiya lau," ya ce.

Ya tuna da Baba, sai ya tuna dariyar da ya yi masa, kunya ta hana shi komawa. Zuciya ta ce masa: rufe kawai, wa ya gani? Ƙila ma ya fita ta salansa. Wallahi haka ya yi. Ya ɗaura sababbin fulogin, ya mai da wayoyinsu, ya rufe bonet, ya koma kan kekensa. Sau biyar yana neman zura zare a allura, zaren ya ƙi shiga.

Can sai ga sallamar yayan.

Ya ga kwalayen fulogi babu komai a ciki, ya washe baki. "Kai! Ai-Na-Iya, yau kam ka iya. Allah ya yi maka albarka, ka hutar da ni."

Wannan addu'a ta fi mari zafi a wurin tela. Yana ji aka zare makulli daga ƙusa. Yana ji aka buɗe ƙofar mota. Ta taga ya hango tsohuwa a kan tabarma, robar maganinta a gefe. Ya ga hannun yayan ya kai makulli ramin kunnawa.

Bai san sanda ya yi tsalle ba, har ya kifar da kwandon zare.

"Yaya! Yaya, don Allah kar ka murɗa!"

Ya riƙe masa hannu gam, ya durƙusa a bakin ƙofar motar ya faɗi komai, har rufewar da ya yi.

Yayan ya saki makullin. Sannan ya ce a hankali, "Faɗawar notin ba ta dame ni ba. Amma har ka rufe, ka bar ni na shiga?"



Ba takalmi tela ya ruga gareji. Baba bai ce masa "ai na gaya maka" ba. Ya ɗauko wata siririyar sanda mai lanƙwasuwa da ɗan maganaɗisu a bakinta, ya biyo shi. Ya cire fulogi na uku kaɗai, ya zura sandar, yana juyawa sannu-sannu. Har tsohuwa ta taso ta tsaya. Sau biyu notin na kamawa, yana zuwa bakin rami ya sulale. Kowane sulalewa, sai tela ya ji kamar ransa ne ya koma.

A na uku ya fito, baƙi ƙirin, bai kai kan ɗan yatsa ba.

Baba ya ɗora masa a tafin hannu. "Da an murɗa makullin nan, da yanzu sauke injin muke yi. Ajiye shi inda za ka riƙa ganinsa."

Yayan ya tayar da mota, ta ɗauka sumul, ba karkarwa. Ya fita aiki. Sai dai da ya dawo, tela ya ga ya wuce ƙusar nan, ya jefa makulli a aljihunsa.

Notin yana nan ɗaure da zare a jikin keken ɗinki. Makulli kuwa, sai da aka yi wata biyu kafin ya koma kan ƙusa.

Darasi: In wanda ya san aiki ya ba ka shawara, saurara, ko da kana ganin aikin ƙarami ne. In kuma ka yi kuskure, faɗe shi tun yana gyaruwa. Kuskure ana ciro shi cikin awa guda, amma yardar da ɓoye shi ya zubar tana daɗewa ba ta dawo ba. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman Ai-Na-Iyan gidanku.