Gurabe Biyar a Fadar Sarki Gundumau

To, a gyara zama, labarin nan na wani zamani ne mai nisa, lokacin da mutum da aljan ke gaisawa a bakin hanya. A Birnin Ƙaya, gari mai dogayen ganuwa da manya-manyan ƙofofi, akwai wani gida da aka san shi da shari'a tun kaka da kakanni, gidan Alƙali Maikano ɗan Alƙali Jibo, tsoho mai farin gemu da farin hali, wanda tsufa ya riga ya cinye masa ƙafafu. Al'adar ƙasar kuwa ita ce ba a naɗa wa kowa rawanin alƙalanci sai ya yi karatu a makarantar shari'a ta Sarki Gundumau, sarkin aljannun Dutsen Tagulla, kuma ba a shiga makarantar sai an ci jarrabawar bakin ƙofa. Kowane gida sau ɗaya yake aika ɗa a zamaninsa. In ɗan ya faɗi, alƙalanci ya bar gidan ke nan har abada.

Ɗa ɗaya tsohon yake da shi, Jatau, magidanci mai sanyin magana, wanda Allah bai ba shi kan hadda ba. A karanta masa shafi da safe, kafin azahar rabi ya zube. Abin da ya iya, ya kuma iya shi sosai, dara ce. Ranar tafiya uban ya dafa kansa ya ce, "Jatau, kai kaɗai gare ni. Je ka, Allah ya ba da sa'a."

Jatau ya yi kwana arba'in yana tafiya. Ya ratsa dajin da itatuwansa ke tambayar baƙo sunan kakansa, ya haye kogin da ke gudu zuwa tudu, ya wuce birnin da ƙofofinsa ke sauya wuri kowace hantsi, har ya iso fada jajawur, ƙatuwa, maɗaukakiya, wadda aka shimfiɗe tsakarta da farin yashi mai laushi da ake sharewa da gashin jimina. Masu neman shiga sun kai talatin, duk gwanayen hadda, babbansu Malam Barmo, wanda ke karanto littafi daga ƙarshe zuwa farko don nishaɗi. Ya dubi Jatau sama da ƙasa ya ce, "Ɗan Alƙali, ashe kai aka turo? Ka dai riƙe sunanka da kyau, kada a tambaya ka ce ka bar shi a gida."

Sarki Gundumau ya fito, dogo, baƙi wuluk, idanunsa kamar garwashin ƙirya, muryarsa kuwa a hankali take fita kamar ta mai lallashin jariri. Ya sa aka ɗora ƙoƙo mai huda a kan ruwa, ya ce in ya nutse lokaci ya ƙare. Sannan ya ce:

"Ya ku 'ya'yan Adamu, masu ƙara biyar ke jiran shari'ata: Aljanin Rijiya, Sarkin Guguwa, Tsohuwar Kuka, Dodon Dutse da Uwar Kifi. Ɗaya nake saurare kowace rana, daga Lahadi zuwa Alhamis. Guguwa ba ya zuwa sai washegarin ranar Rijiya, don a yayyafa ruwa kafin ya tayar da ƙasa. Kuka ta girmi Dutse, dole a ji ta kafin a ji shi. Kifi ba ta fitowa ran Lahadi, ranar kasuwarsu ce a ƙarƙashin ruwa. Dutse kuwa na riga na ba shi Talata. Wa zan saurara ran Litinin?"

Malaman nan suka rufe idanu suna motsa leɓe, don a wurinsu abin kunya ne mai ilimi ya nemi taimakon hannu. Jatau ya gwada yin haka, sai ga Rijiya ta hau Kifi, Kifi ta hau Dutse, komai ya cakuɗe. Ya ce a ransa ba zai dawo da kunya gida don tsoron kunyar fada ba. Ya tattare riga, ya durƙusa a kan yashin nan da ba a taɓawa, ya tona gurabe biyar da yatsa kamar zai fara dara. Dogaran aljannu suka yunƙura, Sarki ya ɗaga yatsa ɗaya, suka koma.

Ƙoƙo bai kai rabi ba Malam Barmo ya miƙe ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, Tsohuwar Kuka ce. Tana gaban Dutse, Dutse na Talata, ita ke nan Litinin." Sauran suka ce haka ne, haka ne.

Jatau bai ɗago ba. Ya sa tsakuwa a gurbin Talata, Dutse ke nan. Ya zare zare daga bakin rigarsa ya ɗaure tsinke biyu wuri ɗaya, Rijiya a gaba, Guguwa a baya, tunda ba sa rabuwa. Ya ajiye su a Lahadi da Litinin, sai ya ga Kuka ta rasa wurin zama kafin Dutse. Ya ɗauke su ya kai Laraba da Alhamis, suka zauna daram. Saura gurabe biyu, saura tsofaffi biyu. Ƙoƙo ya fara tangaɗi.

Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, Uwar Kifi ce. Gurabe biyu suka rage, Lahadi da Litinin. Kifi tana kasuwa ran Lahadi, dole ta ɗauki Litinin, Kuka ta ɗauki Lahadi."

Barmo ya ce, "To ina gabancin Kuka, ɗan dara?"

Jatau ya ce, "Allah gafarta Malam, yana nan. An ce a ji ta kafin Dutse, ba a ce jajibirin ranarsa ba. Guguwa kaɗai aka ɗaure da washegari."

Ƙoƙo ya nutse. Sarki Gundumau ya sauko daga karagarsa, abin da bai yi ba cikin shekara ɗari uku, ya tsuguna yana duban guraben nan biyar. Ya ce, "Barmo, ba ka manta ko kalma ɗaya daga maganata ba, ƙara mata ka yi. Alƙalin da ke ƙara wa shaida abin da bai faɗa ba, mai gaskiya zai ɗaure. Ku buɗe wa ɗan Maikano ƙofa, kuma kada wanda ya share wurin nan."

Shekara uku Jatau ya yi yana karatu, ya dawo Birnin Ƙaya da rakiyar aljannu saba'in a kan fararen raƙuma, aka naɗa shi a ƙofar gidansu, gari ya cika maƙil. Da jama'a ta watse, tsohon ya jawo shi kusa ya ce, "Faɗa mini tambayar nan da aka yi muku." Jatau ya faɗa masa tiryan-tiryan. Tsoho ya shafa gemu ya ce, "Wannan ai Kuka ce." Jatau ya sunkuyar da kai. Tsoho ya ƙirga a yatsunsa, ya sake ƙirgawa, sai ya kama dariya har da hawaye. Ya ce, "Da a zamanina aka yi wannan, da tuni an rufe gidan nan."

Allah ya sa mu ji magana yadda aka faɗe ta.