Ledar Gizo a Cikin Akuya

"Ga ta nan, ga ta nanku, in kun gama mutsu-mutsun."

"Ta zo mu ji ta, Kaka!"

Za ku ji ta kuwa. Mudi, na ga inda ka cusa ledar ruwan da ka shanye, ƙarƙashin tabarmata. Bar ta nan, za mu dawo kanta. Ke kuma Barira, zauna wuri ɗaya, kin hana ƙafafunki sakat kamar wadda ta zauna a gidan tururuwa.

A wani garin dabbobi akwai wata al'ada. Duk abin da aka saya, ƙosai ne ko ƙuli-ƙuli ko daddawa, a ganyen kalgo ake ƙunshe shi. In an cinye, sai a jefa ganyen bayan danga. Da la'asar Akuya ta bi bayan gidaje tana tsince ganyen nan mai maiƙo har ta ƙoshi. Da safe kuma ta tsaya a bakin kasuwa, duk uwar da nononta bai isa ba ta kawo ƙwarya ta tatsar wa ɗanta. Ba wanda ya zauna ya tsara haka, an tashi ne an tarar ana yi.

A garin akwai wata tsohuwa, Iya Kunkuru, mai ɗinkin fasasshiyar ƙwarya. Tata ƙwaryar ta sha gyara har ɗinkin ya fi ƙwaryar yawa. Akwai kuma Zomanya, yarinya mai haihuwar fari, ga saurin ƙafa, ga baki ya fi ƙafar sauri. Nononta bai isa ba, da nonon Akuya ɗanta yake rayuwa.

Ana nan sai ga Gizo ya dawo daga yawonsa da ƙaton buhu. Ya hau kan turmi a tsakiyar kasuwa, ya zaro wani baƙin abu marar nauyi, ya kaɗa shi a iska yana ƙara.

"Jama'a, ga leda! Ba wanki, ba ɗinki, ba hawa bishiya neman ganye. Ka zuba, ka ci, ka yar, ka ɗauki sabuwa."

Zomanya ta yi tsalle ta zo gaba. "Me za mu ba ka, Gizo?"

"Ni? Ai don Allah nake yi. Ku dai kawo tsofaffin ƙoren nan da suka tare muku ɗaki, in rage muku kaya."

Ku ji fa, don Allah! Gizon da ko gaisuwa ba ya yi kyauta. So yake ya tara ƙoren ya kai wani gari ya sayar. Amma samari da 'yan mata suka ruga gida suka kwaso. Zomanya har da ƙwaryar da uwarta ta ba ta ranar aure. Ta ma ƙirƙiro nata salon ƙulla leda, ta bar kunnuwa biyu a tsaye irin nata, kowa ya gani ya san ƙullinta ne.

Gari ya canza. Ka ci ƙosai, wul, bayan danga. Ka sha kunu, wul, bayan danga. Iska ta kwashi leda ta rataya a kan ƙaya da rassan kuka, tana fal-fal-fal ba dare ba rana, har tsuntsaye suka rasa inda za su sauka.

Iya Kunkuru ta ja jiki ta je ƙofar Zomanya. "'Yar nan, abin nan da kike jefarwa, yana ruɓewa?"

"Iya, ni ina ruwana da ruɓewarsa? Ya bar ɗakina, shi ke nan."

Iya Kunkuru ta sake komawa. "'Yar nan, na binne ɗaya tun farkon damina, yau na tono shi yana nan yadda yake. Ko gara ta ƙi shi."

"To, ki dafa ki ci mana, Iya, tunda ba kya son asara!" 'Yan mata suka tuntsire da dariya.

Ta koma na uku. "'Yar nan, kin lura da Akuya kuwa? Cikinta na girma, ƙafafunta na ramewa."

"Ƙiba ce, Iya. Ku dai tsofaffi ba ku son ganin an huta." Ta jefa wata ledar mai maiƙo ta saman kan tsohuwar, ta shige ɗaki.

Ita kuwa Akuya, baiwar Allah, da hanci take kiwo. Ta bi bayan danga yadda ta saba, ta ji ƙamshin man ƙosai, ta haɗiye. Abu ya shiga, ya ƙi narkewa, ya ƙi fita. Ta ga ciyawa ta kasa ci, cikin a cike, yunwa na cin ta. Nono ya ragu, ya ragu, ya ƙafe. Wata safiya iyaye mata suka zo bakin kasuwa suka tarar da ita a kwance, ba rai.

Ungulu ce mai duba gawa a garin. Da ta buɗe cikin, sai ga wani baƙin dunƙule kamar curin fura, leda kan leda. Ta shiga warwarewa a gaban jama'a, tana zarowa ɗaya bayan ɗaya. Mafi yawansu da ƙulli mai kunnuwa biyu a tsaye. Kowa ya juya ya dubi Zomanya. Ni ma, wallahi, duk sanda na zo nan sai na ji tausayinta, duk da bakin nan nata.

Ba ta samu damar kuka ba, don ɗanta ya riga ta. Kuka yake tun da ƙarfi har murya ta fara dushewa. Aka ce mata akwai Saniya a ruga, ƙetaren rafi, tana da nono.

Zomanya ta fizgi leda ta zuba a guje. Saniya ta dube ta sama da ƙasa. "A wannan za ki tatsa? To, bismilla." Ta tatsa, ta ƙulla, ta juyo. Tana ratsa sarƙaƙiya ƙaya ta tsire ledar, kafin ta kai rafi nono ya tsiyaye tas.

Ta koma da leda biyu, ɗaya cikin ɗaya. Ta kauce wa ƙaya, ta tsallake rafi, tana dira ledar ta bugi dutse, fus! Ƙasa ta shanye.

Ta nufi gidan Gizo tana haki. "Gizo, ƙwaryata! Ba ni ƙwaryar uwata, ɗana zai mutu!"

Gizo na ɗaure ƙore a raga zai fita da su kasuwar wani gari. Ko ɗaga kai bai yi ba. "Wace ƙwarya? Ciniki ya faɗa tuntuni. In leda kike so, ga ta nan, zan ƙara miki gyara."

Sai ina? Ƙofa ɗaya ta rage a garin, kuma ita ce ƙofar da ta fi jin kunyar zuwa. Ta tsaya, kunnuwanta sun kwanta. "Iya..."

Iya Kunkuru ba ta bari ta ƙarasa ba. Ta turo mata ƙwaryar nan mai ɗinki. "Ɗauki ki ruga, surutu sai kin dawo."

Ta ruga, ta tatso, ta juyo. Ƙaya ta karci ƙwarya, ba ta huda ba. Ta tsallake rafi, ɗinki bai zubar da ko ɗigo ba. Ta iso yaro ya yi laushi, idanu a rufe. Ta ɗiga masa a baki, ta sake ɗigawa, sai ya motsa harshe, ya haɗiye, ya callara kuka. Nan Zomanya ta zube ita ma ta yi nata. Iya Kunkuru ta lallaɓo ta same ta a haka.

"Iya, ni na kashe Akuya. Amma ai ku kuka koya mana jefawa bayan danga!"

Tsohuwa ta ce, "Haka ne. Mun koya muku jefawa, ba mu gaya muku wa ake jefa wa ba. Mu abinci muke ajiye mata a can. Ku kun ɗauka bayan danga rami ne marar ƙasa."

Jama'a suka ɗunguma gidan Gizo karɓar ƙorensu. Ya suri buhun ledarsa zai tsere, guguwa ta taso ta buɗe buhun, leda ta nannaɗe masa ƙafafu takwas ɗin nan, yana birgima yana ihu. Da ƙyar ya zame ya haye kusurwar rufin ɗaki. Har yau can yake laɓe. Ita kuwa Zomanya, ɗanta a goye, ta shiga bin ƙaya da bayan danga tana tsince leda. An ce har yanzu ba ta gama ba, shi ya sa ba kwa ganin zomo ya tsaya wuri ɗaya.

To, kun ji. Abin da ka yar bai ɓace ba, wurin wani ya tafi. Kafin ka saki abu daga hannunka, ka san bakin da zai faɗa.

Ƙungurus kan kusu, kusun ma ya shige rami.

Mudi, ɗaga tabarmar nan. 'Yar akuyarka mai farin goshi, wadda kake raba tuwonka da ita, nan take fara shinshinawa kowace safiya. A'a, ba kuka na ce ka yi ba. Ɗauki ledar.