Sunan Wa Za a Sa wa Bakwainiyar Hansai?

Ku matso kusa, yau ina da shari'ar da za ta raba muku kai.

Hansai ta haifi 'yarta bakwaini, 'yar mitsitsiya, tafin hannu biyu ya ishe ta kwanciya. Aka sa ta a kwalbar jarirai ta ƙaramin asibitin garinsu. Sai dai kwalbar nan tana da wani hali. Tana cikin aiki sai ta ɗauke, ta sake farawa daga farko, ɗumin ya zube, jaririya ta fara sanyi. Hansai ta yi kuka har muryarta ta dushe.

Saratu, ma'aikaciyar jinya, ita ce ta ƙi yarda cewa tsautsayi ne kawai. Ta zauna gefen kwalbar ta kasa kunne, har ta gane cewa duk lokacin da injin niƙan maƙwabta ya tashi, a lokacin kwalbar ke ɗaukewa. Ba don ita ba, da har yau ana zargin batir.

Barira injiniya ce, aka kira ta daga birni. Ta buɗe kwalbar ta ga wayar da ke umartar ƙwaƙwalwar na'urar ta sake farawa doguwa ce, tana kwasar hayaniyar lantarkin injin kamar eriyar rediyo. Wani ya ce a yanke ta a huta. Ta ce, "A'a. Ranar da ƙwaƙwalwar ta daskare, da me za a tashe ta?" Ta gajarta wayar, ta liƙa wani ɗan kayan lantarki da ake kira kafasita dab da ƙwaƙwalwar don ya shanye hayaniyar.

To, amma gyaran ya ci yini guda, kwalbar kuma a kashe. Inna Kuluwa, mai injin niƙan, wadda Allah bai taɓa ba ta haihuwa ba, ta rufe shagonta ta zo. Ta kwantar da jaririyar a ƙirjinta, fata da fata, ta lulluɓe ta da zane. Ko ruwa sai da aka riƙa ba Inna Kuluwa a baki. Ni kam idan na tuna wannan sai idona ya cika.

Yarinya ta rayu. Ga ranar suna ta ƙarato, Hansai ta ce wa mijinta, "Malam, sunan wadda ta cece ta nake so a sa mata." Ya ce, "Ai su uku ne, yarinyar kuma ɗaya ce."

To, ku da kuke zaune, wace ce a cikin ukun nan za ta samu takwara?