Tsohon Gam a Jirgin Nomau

An yi wani mutum, jama'a, wani bawan Allah a wani gari na bakin kogi, zamanin da aka fara ɗaura wa kwale-kwale inji. Ana ce masa Cindo, don da yatsa shida aka haife shi. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne. Gyaran jirgin ruwa yake yi a gindin wata tsamiya, shi da wuƙarsa da cizal ɗinsa na sassaƙar katako.

Ku matso, ku saurara.

Ran wata Talata da safe sai ga Nomau, shugaban masu jirage na garin, an jawo masa ƙaramin jirginsa kan yashi. Ya sayo sabon tankin mai na ƙarfe, wanda ya ninka tsohon girma, yana ta murna. Ya ce, "Cindo, cire mini wancan ruɓaɓɓen ka sa wannan. Gobe Laraba kasuwar ƙetare ke ci, ina so kowa ya gani."

Cindo ya ce, "To, Shugaba, in Allah ya yarda."

Da ya ɗaga tsohon tankin, me zai gani? Gam! Tsohon gam, kauri kamar tafin hannu. Duk wanda ya taɓa gyara wurin, zuba nasa ya yi a kan na baya ya tafi. Cindo ya ƙwanƙwasa da ƙotar cizal, ya kasa kunne. Ya sake ƙwanƙwasawa. Ƙarar ba ta yi masa ba. Sai ya durƙusa ya fara kankarewa.

La'asar ta yi, Nomau ya dawo ya tarar da tankinsa a ajiye inda ya bar shi. Ya ce, "Kai Cindo! Yatsa shida gare ka, amma kana aiki kamar mai biyu! Shafa sabo a kai mana, ka ɗora tanki. Wa zai leƙa ƙarƙashi?"

Cindo ya ce, "Shugaba, sabon gam in ya hau tsoho, ba katako ya kama ba. Tsohon ya kama. Shi kuwa tsohon ban san abin da yake riƙe da shi ba."

"Shekara nawa yana nan bai motsa ba?"

"Allah ne ya tsare, Shugaba. Bari in ga katakon da idona."

Ya ci gaba. Ya zuba ruwan zafi, ya kankare. Ya zuba, ya kankare. Gam yana fita ɓarɓashi-ɓarɓashi, yatsunsa suna fashewa. Aka kira magariba bai kai rabi ba.

Gari ya waye, Laraba. Jirage suna tashi ɗaya bayan ɗaya, inji na ruri, masu jirage suna ɗaga wa Nomau hannu suna dariya: "Shugaba, mu sayo maka me?" Ga Inna Yalwa, mahaifiyar Nomau, ta zo da kwandon bandar kifinta. Ita ba ta hawa jirgin kowa sai na ɗanta, kuma wurin zamanta ɗaya ne kullum, bencin baya, daidai saman tanki. Ta zauna gindin tsamiya tana faɗa. "Cindo, kai da na goya ka ranar sunanka, yau kai za ka hana ni kasuwa?"

Cindo ya ce, "Ki yi haƙuri, Inna." Bai ɗago ba.

Nomau ya fusata. Ya ce, "Ka ji ni da kyau. Ko ka ɗora tankin nan yanzu, ko kuwa babu mai jirgin da zai ƙara kawo maka aiki a garin nan!"

To jama'a, ku tsaya nan. Mutumin nan yana da iyali. Duk uban da ke zaune a nan ya san abin da maganar nan take yi wa ciki. Ga gwangwanin sabon gam a gefensa, a buɗe. Shafawa kawai zai yi, kowa ya tafi yana sa masa albarka. Ya dubi gwangwanin, ya dubi tsohuwar nan da kwandonta. Ya ce, "Shugaba, kana iya ɗauke jirginka. Amma hannuna ba zai rufe abin da ban gani ba."

Ya sake kafa cizal, ya danna. Sai ji aka yi fuf! Cizal ya wuce gaba ɗaya, ya faɗa kan yashi ta ƙasan jirgi!

Cindo ya yi salati. Nomau ya yi tsalle ya faɗa jirgin. Aka ɓamɓare sauran ɓawon, sai ga rami, rami wanda Nomau ya zura dunƙulen hannunsa ya fita ta waje! Ashe tun da can wani ya toshe huda da tsumma da kwalta, yadda aka saba yi wa jirgin tuƙi. Wannan yana tare ruwa, gaskiya ne. Amma fetur yana narka kwalta, shi kuwa mai toshewar bai sani ba. Mai yana ɗiga daga tsohon tanki, kwalta ta narke, tsumma ya zube, katakon gefe ya ruɓe. Babu abin da ya rage tsakanin Inna Yalwa da kogi sai ɓawon tsohon gam. A kansa ne za a ɗora tankin ƙarfe cike da mai, a shiga tsakiyar ruwa!

Mutane suka rugo, wannan ya leƙa, wancan ya zura hannu, ana ta kabbara. Nomau ya zauna daɓas cikin jirgin, hannunsa na cikin ramin, yana kallon uwarsa.

Inna Yalwa ta leƙa, ta daɗe tana kallo. Sai ta juya ta ce wa ɗanta, "Tashi daga nan, kana tare wa Cindo haske."

Nomau ya ce, "Cindo, ka yafe mini. Faɗi abin da kake so."

Cindo ya ce, "Katakon maɗaci busasshe, Shugaba, da tsohon tiyub na mota."

Kwana biyu ya ƙara. Ya sa sabon katako, ya goge shi fes, ya shafa gam siriri a kan itace tsantsa. Ya shimfiɗa roba, ya zaunar da tanki, ya ɗaure shi da ɗamarar ƙarfe biyu. Ya cika shi da ruwa tukuna, ya tabbatar ba ya ɗiga, ya zubar ya shanya, sannan aka zuba mai. Laraba ta zagayo, Inna Yalwa ta hau bencinta, ta aje wa Cindo manyan kifaye uku a gindin tsamiya.

'Yan'uwa, ga abin da nake so mu tafi da shi. Amana tana can inda babu mai leƙawa sai Allah. Kai makanike, kai magini, kai mai haɗa wayar lantarki a gidan mutane, akwai ran wani a saman abin da ka rufe. Mu iyaye kuma, kullum 'ya'yanmu suna hawa abin da hannun wani ya gyara, muna gida gabanmu na faɗuwa. To su ma 'ya'yan wasu suna hawa aikinmu. Kuma in ka ga ɓaraka a halin ɗanka, kada ka shafe ta da sabuwar riga don mutane su yaba. Ka durƙusa ka kankare har ka ga katako.

Allah ya ba mu hannu irin na Cindo.