Ba a Cin Abin Jifa

An yi wata tsohuwar goggon biri a wani gidan namun daji, sunanta Inna Lantana. Tun tana jaririya mafarauta suka raba ta da uwarta. Ta tsufa a keji, har yaran da suka fara zuwa kallonta suka dawo riƙe da jikokinsu.

Doka ɗaya gare ta: abin da aka jefo ba ta ci, sai wanda aka miƙo mata hannu da hannu. In wani ya jefo gyaɗa, sai ta juya masa baya ta zauna daram kamar turmi.

A kejin da ke jikin nata akwai jan biri mace, Tabawa, mai taurin kai, wadda Inna ta rena ta tsakanin waya, tana tsince mata ƙwarƙwata. Can gefe kuma ga wani bika, Tanko, wanda cikinsa ne ubangidansa.

Da Inna ta rasu, Tabawa ta yi kuka har muryarta ta dishe. Ko makoki ba a gama ba aka mayar da Tanko kejin marigayiyar, da yake kejin nata ne babba, ga shi a bakin ƙofar shigowa. Washegari ya fara alkafura da sara wa mutane, ana yi masa ruwan alawa da biskit.

"Yaya Tanko, ko kunya ba ka ji?" in ji Tabawa. "A inda Inna ta zauna kake birgima saboda guntun burodi?"

"Ke yarinya, rufe min baki. Dokarta ta bi ta rami. Me juya bayan ya ba ta? Ba a keji ta mutu ba?"

"A keji ta mutu, amma ba wanda ya taɓa sa ta rawa. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi."

Tanko ya tuntsire da dariya, bakinsa cike da alawa.

A lokacin nan, abinci ya yi ƙaranci, ayabar da mai kula da su, Malam Sidi, yake kawowa ba ta kai ko'ina. Ƙananan birai suka fara koyon alkafura. Wannan ya fi yunwa ci wa Tabawa rai, don ta san in suka saba, Inna ta mutu sau biyu ke nan. Ita kam ta rame har haƙarƙarinta ya fito, gyaɗa na faɗuwa a gindinta, amma ko kallo ba ta ishe ta ba.

Ana nan ana nan, Tanko ya haɗiye wata alawa har da ledarta, don gaggawar kada wani ya riga shi. Ciki ya kumbura, ya kwanta yana nishi.

Mutane suka zo kallon rawa, ba rawa. Suka jefo biskit, bai motsa ba. Wani ya jefa masa ƙwallon mangwaro don ya tashi, wani ya ɗauki tsakuwa, wani dutse. Hannun da ya saba jifa ba ya tambayar abin da ya riƙe.

Tabawa ta hau saman kejinta ta kira ƙananan birai. "Ku duba da kyau, ga ladan rawa nan. Duk wanda Inna ta taɓa tsince wa ƙwarƙwata ya yi yadda nake yi."

Ta juya wa mutane baya. Ɗaya bayan ɗaya sauran suka juya, har gidan ya zama ba abin kallo sai ƙeya da wutsiya. Aka yi ihu, aka yi fito, suka ƙi waiwayowa. Haka suka yi washegari, da washegarin washegari.

Malam Sidi ya ga irin zaman, ya tuna mai shi, wato Inna, idanunsa suka kawo ruwa. Ya kira likitan dabbobi ya duba Tanko, shi kuma Malam Sidi ya ja igiya ya nisanta mutane da kejin, ya hana jifa. Duk mai kyauta ya ba shi, shi zai miƙa.

Da yamma Tabawa ta zura hannu ta waya da ɓarin gwandarta.

"Jefo min, ƙanwata," in ji Tanko daga kwance. "Ba ni da ƙarfi."

"A kejin Inna kake. Taso ka karɓa."

Ya ja ciki a hankali, ƙananan birai na kallo, har ya iso. Ya miƙo hannu biyu.

Darasin wannan labari shi ne, kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma wanda ya sayar da mutuncinsa don loma, ranar da ya kasa rawa zai sha jifa. Ku kuma yara, in kun je kallon dabbobi, ku tuna ba su suka zaɓi keji ba. Kada ku jefe su, ko da alawa ce.